Legas na yankar haraji a albashina, ni kuwa ina zaune a Aboabo: wa zan biya?

Sani Mai Zane:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Akwai abin da ya hana ni barci kwana biyu, na ce bari in kawo shi nan, ko Allah zai sa a samu wanda ya taɓa shiga irinsa.

Aikina zanen taswirar gini a kwamfuta. Wani kamfanin gine-gine na Legas ya ɗauke ni, na zauna can daga farkon Janairun 2025 har ƙarshen Mayu. Sai jikin Mma, mahaifiyata, ya yi tsanani, na roƙe su, suka yarda in dawo Kumasi in ci gaba da aikin daga gida. Tun 1 ga Yuni ina Aboabo, in zana in tura musu ta intanet, su biya ni da naira a asusuna na can. Kowane wata takardar albashina tana nuna sun cire harajin jihar Legas, har watannin da ko Aflao, kan iyakarmu da Togo, ban taka ba. Ni dai na ɗauka magana ta ƙare, tunda an cire an cire.

Yanzu ina son neman wata 'yar kwangila a nan, aka ce sai da takardar shaidar biyan haraji ta GRA, hukumar haraji ta Ghana. Wani abokina ya ce in na je za a tambaye ni kuɗin da ke shigo min daga waje. To jama'a, haraji biyu zan biya a kan gumi ɗaya? Ƙanina yana Katar shekara uku, ko kwabo ba a taɓa cire masa ba. Me ya raba ni da shi?

Ɗan Sawaba:
Wa alaikumus salam. Yaya Sani, shawarata ka kama bakinka. Kuɗin naira ne, bankin na Najeriya ne, kamfanin na Najeriya ne. Ina ruwan Ghana? Wanda bai san da kai ba, don me za ka je ka ƙwanƙwasa masa ƙofa?

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya ba Mma lafiya, ɗana. Ni shekara goma sha biyar ina zuwa Lome sarin kaya. Duk dawowa sai na biya a Aflao, a Kejetia kuma ga tikitin kasuwa kullum. A ganina wanda ya biya sau ɗaya ya sauke nauyi. Amma bari Rabi ta zo, aikinta ne.

Yaya Rabi Akanta:
Ga ni, Hajiya. Sani, sannu da jinya, Allah ya sa kaffara ne. Ka yi haƙuri zan ja maganar, don in na gajarta ta za ka fita da rabin gaskiya.

Ɗan Sawaba ya kawo abu uku: kuɗin naira ne, banki na can ne, kamfani na can ne. Duk ukun ba su ne dokar Ghana take dubawa ba. Dokar harajin kuɗin shiga ta 2015, mai lamba 896, tambaya biyu take yi. Ta farko: kai mazaunin Ghana ne a wannan shekarar? Ta biyu: ina jikinka yake a lokacin da kake yin aikin?

Ta farkon ba ta da wuya a wajenka. Duk wanda ya yi kwana 183 ko fiye a Ghana cikin wata goma sha biyu mazauni ne, ko da baƙo ne. Kai daga Yuni zuwa Disamba ka yi kwana 214. Ko da ba ka yi su ba ma, ɗan ƙasa mai gidan zama a nan da ya yi tafiyar da ba ta wuce kwana 365 a jere ba, doka tana ɗaukarsa mazauni. Kuma tun da wannan doka ta fara aiki a 2016, mazaunin Ghana ana duba duk abin da ya samu ne, a gida ko a waje. Tsohuwar dokar sai kuɗin sun shigo ƙasar take kama su. Mutanenmu da yawa har yau da tsohuwar suke lissafi, shi ya sa kake jin ana cewa “ai a can na bar kuɗin”.

Ta biyun ita ce za ta raba maka shekararka gida biyu. Dokar ta yafe albashin mazaunin Ghana da ya yi aikin a wata ƙasa, wa mai ɗaukar aiki na wata ƙasa. To wata biyar ɗinka na Legas, kwana 151, Ghana ba ta da haraji a kansu. Abin da Legas ta cire nata ne. Amma wata bakwai ɗin da ka yi kana zane a ɗakinka na Aboabo, a idon doka aiki ne da aka yi a ƙasar Ghana, kuma albashin aikin da aka yi a Ghana kuɗin Ghana ne ko a ina aka biya shi.

Nan ne bambancinka da ƙaninka. Shi jikinsa yana Doha, mai gidansa na Doha, Katar kuwa ba ta cire haraji a albashi, haka Saudiyya da Dubai. Can ba a cire ba, nan an yafe. Kai jikinka ya dawo gida.

Sani Mai Zane:
Innalillahi. Yaya Rabi, ke nan wata bakwai ana bina. To abin da Legas ta riga ta cire a waɗannan watannin fa? Na ji an ce in ka biya a waje ana rage maka a nan.

Yaya Rabi Akanta:
Ana ragewa, amma ka lura da sharaɗin. Wannan rangwamen na kuɗin da tushensu yake waje ne. Misali kana zaune Kumasi, kana da shago a Agege da kake karɓar haya, Najeriya ta cire nata. In ka zo cike takardarka a nan, za a lissafa harajin Ghana a kan hayar, a cire abin da ka biya can, ka cika ragowar. In na can ya fi na nan yawa, Ghana ba za ta ba ka canji ba, iyakarta ta ce ba ta binka.

Naka kuwa tushensa nan ne. Shi ya sa ba na son ka je da tabbacin cewa za a rage maka. Ƙofar da ya kamata ka fara bugawa ta kamfaninka ce.

Amma kada hankalinka ya tashi kafin ka ga lissafin. Ban san albashinka ba, kuma kada ka rubuta shi a nan. Mu ce in an juya shi sidi yana kai 6,000 a wata. Wata bakwai 42,000 ke nan. A jadawalin da ya fara aiki a Janairun 2024, sidi 5,880 na farko a shekara babu haraji. 1,320 na gaba kashi 5 cikin ɗari, wato sidi 66. 1,560 na gaba kashi 10, sidi 156. Daga nan kashi 17.5 ne har sidi 38,000 na gaba, kai ragowarka 33,240 ce, ta ba da 5,817. Jimla 6,039. Sai kuma sauƙin da doka ta ba ka wanda yawancinmu ba ma nema: na mai aure 1,200, na karatun yaro 600 kowane ɗaya har yara uku, na riƙon tsoho ɗan shekara 60 ko fiye 1,000. Kai da matarka da yara biyu a makaranta da Mma a hannunka, 3,400 za a cire daga kuɗin kafin a yi lissafi, harajin ya sauko 5,444. Kuɗi ne, ban ce ba kuɗi ba ne. Amma ba irin wanda za a sayar da gida a kansa ba ne.

Abu ɗaya: in za ka juya naira zuwa sidi, wata-wata za ka yi da canjin lokacin. Ka tuna yadda sidi ya yi ƙarfi a 2025, dalar da ta haura sidi 15 a Afrilu ta sauko kusa da 10 a Yuni. Canji ɗaya na dukan shekara zai ɓata maka lissafi.

Idi na Agege:
Salamu alaikum mutanen gida. Ni ɗan Asawase ne amma shekara tara ina aiki a Legas, bari in sa baki ta wannan ɓangaren.

Sani, kada ka ɗauka mutanen kamfaninka cutarka suka yi. A tsohuwar dokar Najeriya, in dai mai ɗaukar aikin yana Najeriya, albashin yana shiga hannun haraji, shi ya sa akantansu bai daina cirewa ba. Kuma a nan harajin albashi na jiha ne, ba na tarayya ba. Wanda ke zaune Legas hukumar harajin Legas yake biya, na Kano ta Kano. Wannan ya bambanta da gida, inda GRA ɗaya ce daga Paga har Takoradi.

Amma abubuwa sun canza. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026. Yanzu naira 800,000 na farko a shekara babu haraji, mafi tsada kuma kashi 25 ne, ga abin da ya haura naira miliyan 50. Kwatanta da gida, inda kashi 25 yake kama mutum tun daga sidi 46,760 a shekara, na ƙoli kuma kashi 35 ne. Abin da ya fi shafarka shi ne sabuwar dokar ta koma duba inda mutum yake zaune da inda ya yi aikin. Wanda ba mazaunin Najeriya ba, kuma bai taka ƙasar don aikin ba, yana da bakin cewa a daina yankar masa. To ka rubuta musu wasiƙa, ba saƙon WhatsApp ba, ka ce tun Yuni kana Kumasi, ka haɗa da hoton shafin fasfo mai hatimin fita.

Na watannin 2025 kuwa, ka ce akantansu ya duba yarjejeniyar ECOWAS ta hana biyan haraji sau biyu, wadda shugabanni suka amince da ita a Disambar 2018, Najeriya kuma ta fitar da umarnin aiki da ita a 2023. Ka ambace ta da sunanta a wasiƙar. Sannan ka nemi su ba ka shaidar cewa kuɗin da suka cire sun shiga asusun hukuma. Takardar albashi tana nuna an cire ne kawai, ba ta nuna an kai.

Lokacin cike takarda ma ba ɗaya ba ne. Nan mutum 31 ga Maris ne wa'adinsa, kamfani kuma 31 ga Janairu.

Yaya Rabi Akanta:
Madalla da Idi. Namu 30 ga Afrilu ne, wata huɗu bayan ƙarewar shekara. Sani, ka rubuta wannan ranar a bango.

Awudu Direba:
Yaya Rabi, ni ma ki duba min. Tirela nake ja daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa Wagadugu, wani lokaci har Bamako. Wallahi in aka ƙirga kwanakin da nake kwana bayan Paga, kan iyakarmu da Burkina Faso, sun fi rabin shekara. Mai motar kamfanin Tema ne, kuma suna cire min PAYE, wato harajin albashi, da SSNIT, wato kuɗin fansho, duk wata. Tunda a waje nake yawancin aikin, ba a yafe min ba?

Yaya Rabi Akanta:
Awudu, kalma ɗaya ce ta hana ka: “a jere”. In mai ɗaukarka aiki na Ghana ne, sai ka yi kwana 183 ko fiye a jere a wata ƙasar cikin shekarar kafin a yafe albashin. Kai kuwa sati biyu kana can, ka dawo Tema ka yi lodi, ka koma. Ko kwanakin sun kai 250 in an tara, ƙirgar tana yankewa duk ranar da ka tsallako. Abin da suke cire maka daidai ne. Abin da zan ce ka bincika shi ne ko suna kaiwa. Kamfani yana da har 15 ga watan da ke biye ya miƙa PAYE. Na SSNIT kuma kashi 5.5 daga albashinka, kashi 13 daga aljihunsu. Je ofishin SSNIT da katin Ghana, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ka ce a buga maka bayanin asusunka. Ranar da ƙafa ta gaji da taka kuloci, wannan takardar ce abincinka.

Hajiya Mai Atamfa:
To ni fa, Rabi? Kin tsallake ni.

Yaya Rabi Akanta:
Ban isa ba, Hajiya. Abin da kike biya a Aflao kuɗin kwastan ne, na shigo da kaya. Tikitin Kejetia na hukumar birni ne, na wurin zama. Harajin da muke magana a kai na riba ne, abin da ya rage miki bayan kin cire kuɗin sari da mota da kwastan ɗin kansa da hayar shago. Tunda a Kumasi kike sayarwa, na Ghana ne. Togo ba ta binki harajin riba don kin sayi atamfa a kasuwar Lome. Amma rasit ɗin kwastan ɗin nan kada ki yar da ko ɗaya, su ne za su rage miki ribar da za a yi wa lissafi. Zan biyo shago ranar Laraba mu zauna.

Ɗan Sawaba:
Ku yi haƙuri, manyana ne ku, amma raina yana ɓaci. Duk damina ruwa sai ya shiga ɗakunan mutane a Aboabo da Sawaba. Kwatocinmu a toshe, samarinmu ba aiki. Yaya Sani ya nemo aikinsa da kansa a wata ƙasa, ba wanda ya taimake shi da ko sidi ɗaya, yana jinyar uwarsa da kuɗinsa. Yanzu a ce ya ɗauki dubu biyar ya kai? A ba mu dalili. An kafa asusun raya Zango tun 2017, mu dai har yau da buhun yashi muke tare ƙofa.

Kuma har yanzu ba wanda ya amsa min: ta yaya za su sani?

Baba Alhaji Mai Goro:
Jikana ne yake rubuta min, ni idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan.

Ɗan Sawaba, ɗana, ɓacin ranka gaskiya ne, ruwan nan ni ma ya ci min buhunan goro ba sau ɗaya ba. Amma zo in ba ka labari. A watan Nuwamba na 1969 ina saurayi, ina bin mahaifina fataucin goro tsakanin Kumasi da Ikko. Gwamnatin Busia ta ba da sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasa cikin sati biyu. Ka san wa abin ya fi ci? Ba baƙi kaɗai ba. Har da mutanen da aka haifa a Zango, aka haifi iyayensu a Zango, amma ba su da ko guntuwar takarda da ta nuna haka, saboda mun saba gudun ofis. Na ga mutane sun sayar da gida a kuɗin akuya. Na ga tsofaffi a bayan manyan motoci suna kuka, za a kai su garin da ba su taɓa gani ba. Mahaifina yana da wata tsohuwar jakar fata da yake tara rasit ɗin lampo, wato haraji, a ciki, shekara da shekaru, muna yara muna ganin wahalar banza ce. Da wannan jakar ya tsaya gaban mutane ya nuna tun yaushe yake garin nan.

Bayan shekara goma sha huɗu, a 1983, Najeriya ta yi irin nata, aka koro namu daga can. Nan a ce mana 'yan can, can a ce mana 'yan nan. Mu mutanen kan iyaka ne tun kakanni, kasuwarmu a ƙasa biyu take, aurenmu ma haka. Wanda rayuwarsa take haka ya fi kowa bukatar takarda.

Ban ce haraji daɗi ne da shi ba. Amma ranar da za ka je gaban hukuma ka ce a gyara kwatar Sawaba, ina so ka je da rasit a hannu, ka yi magana da ƙarfi a matsayin mai gari. Sani, ɗana, je ka rubuta sunanka.

Ɗan Sawaba:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ban taɓa jin wannan daga bakin wanda ya gani da idonsa ba. Na ji. Amma maganar kwata ba zan bar ta ba.

Baba Alhaji Mai Goro:
Kada ka bar ta.

Yaya Rabi Akanta:
Tambayarka ta “yaya za su sani” tana da amsa, ƙanina. Tun 1 ga Afrilun 2021 lambar katin Ghana ta zama lambar haraji ta kowa. Katin nan kuwa shi ne a layin wayarka, shi ne a bankinka, shi ne a SSNIT. A 2018 kuma majalisa ta yi dokar musayar bayanan asusun banki da sauran ƙasashe, Najeriya ma tana cikin wannan tsarin. Ban ce gobe za a buga wa Sani waya ba. Amma shi da kansa yake neman takardar shaida, kuma a fom ɗin zai sa hannu cewa abin da ya rubuta gaskiya ne. Rashin sani daban, sa hannu a kan ƙarya daban.

Kuma akwai abin da mutane ke haɗawa alhali biyu ne: biya da cike takarda. Kana iya zama ba a binka ko pesewa, amma a ci ka tara don ba ka miƙa takardar shekara ba. Tarar sidi 500 ce, da ƙarin sidi 10 a kowace ranar da ta wuce. Shekara guda ta haura 4,000. Dubi lissafin da na yi wa Sani a sama ka ga yadda tarar take neman kamo harajin kansa.

Kawu na Buronks:
Salamu alaikum. Dare ne a wajenku, mu yanzu muka taso aiki. Na karanta duka, kuma maganar Rabi ta ƙarshe ita ce ta taɓa ni.

Ku gode wa Allah Ghana inda kake zaune take dubawa. Amurka fasfo take bi. In kana da takardar zama ɗan ƙasa ko katin zama na dindindin, ko Tafo ka koma ka tare, in kuɗin shigarka sun kai mizani sai ka aika musu takardar haraji duk shekara. Wa'adin 15 ga Afrilu ne, wanda ke zaune waje ana ɗaga masa zuwa 15 ga Yuni. Bayan wannan akwai wata takardar daban: in kuɗin da ke asusunka na wajen Amurka, duka in an haɗa, suka haura dala 10,000 ko da na rana ɗaya ne a shekara, sai ka bayyana. Ba haraji ba ne, bayani ne kawai, amma tarar rashin yinsa mai zafi ce. Mutanenmu nawa ne a nan suke tara kuɗin gini a banki a Kumasi ba su san da wannan ba? Kuma tsakanin Ghana da Amurka babu yarjejeniyar hana haraji sau biyu, irin wadda Ghana take da ita da Ingila da Jamus da Faransa da Italiya da Afirka ta Kudu. Sai dai kowace ƙasa ta rage maka bisa dokarta.

Ni shekara biyu suka rage min in dawo gida in sha Allah. Na riga na sayi jakata irin ta mahaifin Alhaji.

Ummu Hanan:
Mijina yana Ingila, can kuma shekarar harajinsu ma daga 6 ga Afrilu take farawa ta ƙare 5 ga Afrilu, ba Janairu zuwa Disamba ba. Yaya Rabi, tambayata ita ce gidan da ya gina a Sawaba, mun zuba 'yan haya, ni nake karɓa. Tunda shi ba ya ƙasar, akwai wani abu a kai?

Yaya Rabi Akanta:
Akwai, 'yar uwa. Gidan a ƙasar Ghana yake, hayarsa kuɗin Ghana ce ko mai gidan yana ina. Ga mazauni, kashi 8 ne a gidan kwana, kashi 15 a shago. Na wanda ba mazauni ba lissafinsa daban ne, don haka ki zo da takardun gidan da bayanin shekarun da ya yi a waje mu duba matsayinsa tukuna. Ki riƙe rasit ɗin, zai bukace shi in zai bayyana hayar a can. Sani, wannan ya shafi ƙaninka na Katar ma: albashinsa ne aka yafe, ba ɗakunan da ya gina a nan ba.

Malam na Tafo:
Gyara ɗaya, don na ji wasu na faɗa a majalisi: wai wanda ya biya haraji ya cire shi daga zakkarsa. Ba haka ba ne. Zakka ɗaya cikin arba'in ce a dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, kuma an ambaci rukunin mutane takwas da ake ba wa a Suratut Tauba, aya ta 60. Haraji hakkin hukuma ne, hanyarsa daban. Kuma wanda ya sa hannu a takarda ya ba da shaida ne, a kiyaye.

Sani Mai Zane:
Allah gafarta Malam, mun gode. 'Yan uwa, na dawo da bayani bayan kwana shida.

Na rubuta wasiƙar yadda Idi ya ce, da hoton fasfo. Akantan kamfanin ya kira ni da kansa. Ya ce daga albashin wata mai zuwa za su dakatar da cirewa in na aika musu shaidar cewa na yi rajista a nan, na watannin baya kuma zai rubuta wa hukumarsu, amma in sa haƙuri, ba abin sati ɗaya ba ne. Shaidar kai kuɗin da na nema ya ce zai haɗo min.

Jiya kuma na je ofishin GRA da katin Ghana. Gabana yana faɗuwa har na zauna. Wata ma'aikaciya ta saurare ni har na gama, ta buɗe min asusu a shafinsu na intanet, ta ce in kawo takardun albashi goma sha biyu da bayanin banki. Ta kuma faɗa min abin da ban sani ba: tunda kamfanina ba ya nan balle ya cire min PAYE, ni zan riƙa kai nawa da kaina kashi huɗu a shekara, ƙarshen Maris da Yuni da Satumba da Disamba. Ke nan daga yanzu duk albashin da ya shigo sai in ware wani abu gefe kafin in taɓa shi.

Matsala ɗaya ta rage. Takardun albashi na Agusta da Satumba ba na ganinsu, lokacin muna kwance asibiti da Mma ban bi ta kansu ba. Sannan akwai sati biyu a Oktoba da suka kira ni Legas duba wani gini. Yaya Rabi, waɗannan kwanakin wane gida za su shiga?

Yaya Rabi Akanta:
Gidan Legas za su shiga, tunda jikinka yana can kana yi wa kamfanin can aiki. Za mu ware su da ƙirgar kwana, hatimin Aflao da na Seme, kan iyakar shiga Najeriya, ne shaidarmu, ka ga harajin ma zai ɗan ƙara sauka. Takardun Agusta da Satumba ka ce akantan ya sake turo maka, suna cikin kwamfutarsa. Ka zo Asabar bayan Azahar da fasfon da takardun makarantar yara da katin Ghana na Mma, saboda sauƙin riƙon tsoho sai an ga shekarunta. Awudu, in kana gari ka biyo shi da bayanin SSNIT ɗinka.

Awudu Direba:
Ina Paga yanzu, layi ya yi tsawo. In an sake mu gobe zan iso Juma'a da dare.

Hajiya Mai Atamfa:
Sani, ka gaida Mma, ka ce ina nan tafe Lahadi. Rabi, na tattaro rasit ɗin, sun cika leda biyu, wasu ruwa ya taɓa su amma ana karanta lambobin.